WUTAR DA KE BIN WAYAR ƘASA: JAGORA GA MASU SHAGUNA DA ƘANANAN MASANA'ANTU

Gabatarwa

Tungan Maje ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, tana kuwa bisa babbar hanyar da ta tashi daga Zuba ta nufi Gwagwalada. Tun daga ran 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1976 da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, musamman ma bayan da Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba na 1991, garuruwan da ke kan wannan hanya suka yi ta bunƙasa. Inda da can gonaki ne, yanzu sai shaguna da gidajen ƙanƙara da injinan niƙa da rumfunan walda da gidajen mai da ɗakunan shan magani. Dukkansu kuwa da wutar lantarki suke aiki, ko ta kamfani, ko ta janareta, ko ta hasken rana.

Lantarki bara ne mai biyayya muddin yana bin hanyar da aka shata masa. Ran da ya saki hanya, ba ya sanin ubangida, ba ya sanin baƙo. An shirya wannan ɗan littafi domin a wayar wa jama'a kai game da wata matsala wadda ba a cika lura da ita ba sai ta yi ɓarna, watau wutar da ke gudana cikin wayar ƙasa alhali kuwa bai kamata ta gudana a can ba. Za a bayyana mafarinta, da alamunta, da yadda gwani yake bin sawunta har ya gano inda ta fito.

Wayoyi Uku da Aikin Kowace

Wutar da ke shiga shago daga taransifoma ƙarfinta bolt 230 ne tsakanin layi ɗaya da nutural, bolt 400 kuma tsakanin layi da layi ga masu amfani da layi uku. A kowane haɗi na ƙwarai akwai wayoyi iri uku.

Ta farko ita ce waya mai wuta, wadda ke kawo lantarki. Launinta ja ne a tsohon tsari, ruwan ƙasa kuma a sabo.

Ta biyu ita ce nutural, watau wayar komawa. Lantarki ba ya tafiya sai da hanyar dawowa. Duk abin da ya shiga ta waya mai wuta, lalle ne ya koma taransifoma ta nutural. Launinta baƙi ne a tsohon tsari, shuɗi a sabo.

Ta uku ita ce wayar ƙasa, wadda ma'aikatan wuta ke kira ating. Launinta kore ne da ratsin rawaya. Ita ce ke haɗa jikin ƙarfe na firiza da inji da famfo da akwatin rarraba wuta, ta kai su ga sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Aikinta kamar na magudanar ambaliya ne. A ranakun lafiya a bushe take. Sai ran da waya mai wuta ta taɓa jikin inji sa'an nan take ɗaukar wutar, domin na'urar tsaro ta yanke ta kafin wani ya taɓa.

Saboda haka ƙa'idar a taƙaice ita ce: nutural tana ɗaukar wuta kullum, wayar ƙasa kuwa sai ran hatsari. Idan aka auna wayar ƙasa a ranar da kome ke tafiya daidai aka tarar da wuta mai yawa a cikinta, to akwai abin da ya karkace.

Alamun da Ya Kamata a Lura da Su

Mai shago ba ya bukatar na'ura kafin ya yi zargin akwai matsala. Ga waɗansu alamu:

1. Jikin firiji ko firiza ko ƙofar ƙarfe yana ɗan jan mutum, musamman wanda ba takalmi a ƙafarsa ko wanda hannunsa ke jiƙe.

2. Kan famfo ko bututun ruwa na ƙarfe yana tsikarar hannu.

3. Bireka mai gane yoyo tana yawan faɗuwa ba tare da an ƙara kaya ba.

4. Wayar ƙasa tana ɗumi, ko robarta ta canja launi, ko mahaɗinta ya yi baƙi.

5. Ana ganin ɗan tartsatsi idan ƙarfe biyu suka gogi juna, misali jikin inji da ƙarfen rumfa.

6. Lasifika tana gurnani, hoton na'urar tsaro yana rawa, kwamfuta tana mutuwa haka kawai.

7. Ƙwan fitila yana ƙara haske a wani shago, yana dusashewa a na kusa da shi.

Mutane da yawa sun saba da irin waɗannan abubuwa har sun ɗauke su ɗabi'ar lantarki. Sai a ɗaura tsumma a hannun firiza, ko a shimfiɗa katako a gaban inji, a ci gaba da ciniki. Wannan rufe tsiya ne da ganye. Wutar da ta tsikari babba mai takalmin roba yau, ita ce za ta kayar da yaro marar takalmi gobe bisa jiƙaƙƙen siminti.

Girman Haɗarin

Ana auna yawan wutar da ke gudana da amfiya. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya shi ake kira miliamfiya. Jikin ɗan Adam yakan fara jin tsikari daga kimanin miliamfiya 1. Idan ta kai kimanin 10, tsokar hannu takan ƙage har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30 numfashi yakan fara wuya. Idan ta wuce 50 ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya, mutum ya rasa ransa. Ƙwan fitila irin na da mai wat 60 yana jan kimanin miliamfiya 260. Ashe ke nan abin da bai kai rubu'in wutar ƙwai ɗaya ba ya isa ya yi kisa.

Waɗansu sukan ce ai sun kafa sandar ƙasa, kuma akwai fis, don haka ba abin tsoro. Ga lissafin da zai nuna kuskuren wannan magana. Ana auna turjiyar hanya ga lantarki da om. A ɗauka turjiyar sandar shago om 20 ce, ta taransifoma kuma om 3, jimla 23. Idan waya mai wuta ta taɓa jikin firiza, wutar da za ta bi ta ƙasa ita ce 230 a raba da 23, watau amfiya 10. Fis mai amfiya 30 ba zai ƙone ba, domin a wurinsa wannan ƙaramin kaya ne. Amma jikin firizar zai tsaya da bolt 200 a kansa, watau 10 sau 20, yini guda ko mako guda, yana jiran wanda zai taɓa. Ga kuɗin wuta yana ta tafiya cikin ƙasa, ga mahaɗai suna zafi kusa da kwali da leda.

Maganin wannan shi ne bireka mai gane yoyo, wadda akan ga an rubuta RCD ko RCCB a jikinta. Tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, idan suka bambanta sai ta yanke nan take. An fara amfani da irinta a mahaƙan zinariya na Afirka ta Kudu cikin shekarun 1950, sa'an nan a 1961 Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya ƙera wata iri mai saurin ji. Mai miliamfiya 30 ita ce ta tsaron rai, mai 300 kuwa ta tsaron gobara ce kaɗai.

Dalilan da Ke Sa Wuta Ta Bi Wayar Ƙasa

Na ɗaya, haɗa nutural da wayar ƙasa a wuri fiye da ɗaya. Wannan shi ne uban dalilai. Ƙa'ida ita ce a haɗa su a mafarin wuta, watau a taransifoma, ko kuwa a mashigar wuta idan tsarin kamfani ya tanadi haka. Daga babban akwati zuwa ciki kuwa, kowace ta kama hanyarta. Amma sau da yawa wanda bai ƙware ba yakan ɗaure su duka a kan ƙarfe ɗaya cikin ƙaramin akwati, ko ya sa guntuwar waya a bayan soket ya haɗa ramin nutural da na ƙasa don gudun sayen waya ta uku. Da zarar an yi haka, wutar komawa ta sami hanya biyu. Lantarki kuwa ba ya zaɓar hanya ɗaya ya bar ɗaya, dukkansu yake bi, kowace gwargwadon sauƙinta. Sai wayar ƙasa da bututu da ƙarfen gini su zama abokan aikin nutural.

Na biyu, kuskure wajen haɗa janareta ko inbata. Janareta da yawa sukan zo da nutural ɗinsu a haɗe da jikinsu. Idan makunnin sauya wuta, watau canjoba, yana yanke layukan wuta kaɗai ya bar nutural a haɗe, to an sami mahaɗi na biyu. Wutar komawa sai ta rabu, wani kashi ya bi ta jikin janareta. Canjoba ta ƙwarai tana yanke har da nutural: mai baki biyu ga layi ɗaya, mai baki huɗu ga layi uku. Haka kuma inbata ta hasken rana tana da nata tsari na haɗa nutural da ƙasa, wanda lalle ne a bi shi yadda masu ƙera ta suka rubuta.

Na uku, lalacewar rigar waya. Zafin rana, da ɓera, da danshi, da tsufa, da jan kayan da ya fi ƙarfin waya, duk suna cinye robar da ke rufe ta. Famfon da ke cikin rijiyar burtsatse, da injin firiza, da ƙarfen dafa ruwa, da injin niƙa da gari ya cika cikinsa, su ne suka fi yawan yoyo. Irin wannan matsala takan tsananta da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba.

Na huɗu, tsinkewar nutural ko sakinta. Idan nutural ta saki a kan fal, ko ta yi tsatsa inda alminiyom ya haɗu da jan ƙarfe, ko ɓarayi suka yanke ta a gindin taransifoma, wutar komawa sai ta nemi wata hanya. Duk wanda ya haɗa nutural da sandarsa, ta wurinsa za ta bi, har da ta maƙwabta. A lokaci guda ƙarfin wuta yakan rikice, wani layi ya faɗi ƙasa ƙwarai, wani ya tashi ya doshi bolt 400, kayan mutane su ƙone.

Na biyar, aikin walda. Injin walda yana fitar da amfiya 100 ko fiye. Idan mai walda ya maƙala wayar komawarsa a jikin rumfa ko bututu nesa da abin da yake liƙewa, wannan wuta mai yawa tana iya ratsawa ta siririyar wayar ƙasa ta ginin ta ƙone ta cikin bango ba wanda ya sani. Daga ranar shagon ba shi da tsaro.

Na shida, yoyon kayan zamani. Kwamfuta, da inbata, da fitilun LED, da na'urar sanyaya ɗaki, suna ɗauke da matatar da ke zubar da 'yar wuta kaɗan cikin wayar ƙasa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su. Amma idan aka tara da yawa a kan layi ɗaya, kamar a shagon buga takardu, yoyon yakan taru har ya kayar da bireka. Ƙa'idar haɗa wayoyi ta Ingila, BS 7671, ta ce kada yoyon yau da kullum ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin birekar, watau miliamfiya 9 ga mai 30.

Na bakwai, satar wuta. Akwai masu jawo waya mai wuta guda ɗaya su mai da sandar ƙasa ko bututu hanyar komawa domin su kauce wa mita. Wannan laifi ne a ƙarƙashin Dokar Lantarki ta 2023, kuma tarko ne ga duk wanda ya taka wurin.

Yadda Gwani Yake Bin Sawun Matsalar

Wannan aiki na ƙwararren ma'aikaci ne mai takardar shaida. An kawo matakan ne domin mai shago ya san abin da ya kamata ya ga ana yi, ya kuma iya bambanta gwani da ɗan koyo. Kayan aikin su ne: mita mai baki kamar awartaki wadda ke kama waya ta auna ta ba sai an yanke ba, kuma mai iya karanta miliamfiya, da mitar auna bolt, da na'urar gwada rigar waya, da na'urar auna sandar ƙasa. Sukudireba mai ƙwai, watau tasta, ba ta isa wannan aiki ba.

Mataki na 1: Tambaya. Yaushe abin ya fara? Da wutar kamfani yake faruwa, ko da janareta, ko duka biyu? Bayan ruwan sama ne? An sa sabon inji, ko an yi gyara kwanan nan? Amsa ta gaskiya takan rage rabin aiki.

Mataki na 2: Dubawa da ido. A kashe dukkan mafarin wuta, har da inbata, a gwada a tabbata ba wuta, sa'an nan a buɗe akwatuna. A nemi inda nutural da wayar ƙasa suka haɗu, da mahaɗin da ya saki, da alamar ƙuna.

Mataki na 3: Awon farko. A mayar da wuta, a kunna kaya kamar yadda aka saba, a kama babbar wayar ƙasa da mita, a kama kuma wadda ke tafiya zuwa kowane ƙaramin akwati. A rubuta abin da aka samu. A nan akwai gargaɗi mai girma: kada a kuskura a kwance wayar ƙasa alhali akwai wuta. Idan tana ɗauke da wuta, wanda ya raba ta shi zai zama hanya.

Mataki na 4: Ciki ko waje? A kashe babban makunni wanda ke yanke layuka da nutural duka. Idan awon ya koma sifiri, matsalar ta cikin gida ce. Idan bai koma ba, daga waje take shigowa, ta bututu ko ƙarfen da ya haɗa shagon da na maƙwabci, ko kuwa akwai wani mafarin wuta da aka manta da shi.

Mataki na 5: Layi bayan layi. Idan ta ciki ce, a kashe ƙananan bireku duka, a riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya ana duban mita. Layin da ya sa awo ya yi tsalle shi ne abin zargi. A kan wannan layi kuma a riƙa zare kaya ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 6: Awon daidaito. A kama waya mai wuta da nutural ɗinta tare cikin bakin mita, ban da wayar ƙasa. Ga layi uku, a kama ukun da nutural. Tun da abin da ya fita shi ya kamata ya dawo, sai mita ta nuna kusan sifiri. Duk abin da ta nuna, shi ne adadin da ya saki hanya. Idan layi biyu suka nuna rashin daidaito iri ɗaya alhali wayar ƙasa ba ta ɗauke da shi, to ɗayansu ya ari nutural ɗin ɗaya ne, sai a raba su.

Mataki na 7: Karanta halin wutar. Idan ta kai amfiya guda ko fiye, tana hawa tana sauka tare da yawan kayan da aka kunna, mafi yawa mahaɗin nutural da ƙasa ne. Idan miliamfiya kaɗan ce tsayayya, yoyon kayan zamani ne. Idan tana zuwa ne sa'ad da wani inji ya tashi, ko bayan ruwa, rigar waya ce.

Mataki na 8: Bolt tsakanin nutural da ƙasa. A soket mai nisa, lokacin da kaya ke aiki, akan sami ɗan bambanci na bolt ɗaya ko biyu, wannan ba laifi. Idan sifiri ne cif alhali kaya masu nauyi suna aiki, a nemi ɓoyayyen mahaɗi a kusa. Idan ya yi yawa, nutural ta saki ko ta yi ƙanƙanta.

Mataki na 9: Gwajin rigar waya. A kashe wuta, a raba nutural daga mashiga, a zare kayan zamani don kada su lalace, a gwada da bolt 500. Turjiyar da ke tsakanin wayoyin wuta da wayar ƙasa kada ta gaza om miliyan 1. Sabon aiki mai kyau yakan wuce haka nesa.

Mataki na 10: Bayan gyara, a maimaita awon farko da wutar kamfani, a sake da janareta, a danna maɓallin gwaji na bireka mai gane yoyo, a rubuta sakamako da kwanan wata a ba mai shago ya adana.

Misali

Domin a ƙara fahimta, a ɗauka akwai gidan sayar da kifi da ƙanƙara a bakin hanya, mai firiza shida. Yaran shago suna kukan ƙofar ɗakin sanyi tana jansu. Gwani ya auna nutural da ke tsakanin babban akwati da na ɗakin sanyi ya sami amfiya 7, alhali waya mai wuta tana ɗauke da 12. Ina sauran 5? Da ya kama wayar ƙasa sai ga su. Ya kashe wuta ya buɗe, ya tarar an haɗa nutural da wayar ƙasa a babban akwati, an kuma sake haɗa su a ƙaramin. Ya raba na ƙaramin, ya ba kowace ƙarfenta. Da ya sake awo sai saura miliamfiya 22. Ya bi firizojin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar guda ɗaya ce ke zubar da 18, domin ruwa ya shiga mahaɗin injinta. Da aka gyara ta, saura 4, wanda ba ya wuce ƙa'ida. Sa'an nan ya sa bireka mai miliamfiya 30.

Darasi a nan shi ne, matsala biyu ce ta haɗu, babbar ta ɓoye ƙaramar. Da an tsaya a gyaran farko, da an bar haɗari a baya. Shi ya sa ake sake awo bayan kowane gyara.

Sandar Ƙasa

Ƙara sanda ba ya maganin wutar da ta saki hanya, kamar yadda faɗaɗa kwata ba ya ɗinke tulun da ya fashe. Duk da haka sanda mai kyau wajibi ce. Ta zama ta jan ƙarfe ko mai rufin jan ƙarfe, ba guntun rodi ba. A kafa ta da zurfi inda ƙasa ke riƙe danshi, a ɗaure waya da maɗauri mai noti, a yi mata ɗan rami mai murfi domin a riƙa dubawa. Inda aka ci karo da dutse ko tsakuwa, a kafa sanduna biyu ko uku a haɗa su, tazarar da ke tsakaninsu kada ta gaza tsawon sanda ɗaya. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna rage turjiya na ɗan lokaci, amma ruwa yakan wanke gishirin, kuma yana cin ƙarfe. Yumɓun bentonait ya fi daɗewa. A riƙa auna sanda da rani, wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, domin a lokacin ne turjiyarta ta fi yawa.

Abubuwan da Aka Hana

1. Kada a yanke wayar ƙasa don bireka ta daina faɗuwa. Wannan daidai yake da korar mai gadi domin ya cika ihun ɓarawo.

2. Kada a cire bireka mai gane yoyo, kada kuma a maye gurbin fis da waya mai kauri ko ƙusa.

3. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi, kada a cusa tsirarar waya cikin soket.

4. Kada a mai da bututun ruwa ko na gas hanyar komawar wuta.

5. Kada a haɗa janareta da wayoyin gida ba tare da canjoba ba. Wutar tana iya komawa kan layi ta hallaka ma'aikacin da ke bisa fal.

6. Kada kowa ya hau fal ko ya taɓa taransifoma. Wannan aikin kamfani ne.

7. Kada a sayi waya don araharta kaɗai. A nemi mai shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON. Araha ba ta ado.

Idan Wuta Ta Kama Mutum

Kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni tukuna. Idan makunni ya yi nisa, a tsaya bisa busasshen katako a ture shi da busasshiyar sanda. Wannan ga wutar cikin gida ne kaɗai. Idan babbar waya ce ta faɗo daga fal, kowa ya yi nesa da ita, a sanar da kamfani. A kira lambar gaggawa ta 112. Idan ba ya numfashi, wanda ya iya ya shiga danna masa ƙirji har taimako ya iso. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a binne shi cikin yashi, waɗannan ba magani ba ne, ɓata lokaci ne. A gaggauta kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, domin likita ya duba zuciyarsa. Gobarar lantarki kuwa ba a watsa mata ruwa sai an yanke wuta.

Hukumomin da Abin Ya Shafa

A 1972 aka haɗa Hukumar Lantarki ta Nijeriya da Hukumar Madatsun Kogin Kwara aka kafa NEPA. A 2005 ta koma PHCN, a shekarar kuma aka kafa NERC, hukumar da ke tsara harkar lantarki. Tun daga watan Nuwamba na 2013 Kamfanin Rarraba Lantarki na Abuja, watau AEDC, shi ke ba Tungan Maje da sauran Yankin Babban Birnin Tarayya wuta. Duk matsalar da ta shafi fal, ko taransifoma, ko nutural ta kan layi, gare shi za a kai ƙara. Wanda bai gamsu ba yana da ikon ɗaukaka kukansa zuwa dandalin sauraron ƙorafi na NERC.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin aikin haɗa wuta, tana kuma ba ma'aikata takardar shaidar ƙwarewa. Wayoyin da ke cikin shago kuwa, alhakin kula da su yana wuyan mai shagon. Saboda haka kafin a ba kowa aiki, a nemi ganin takardarsa.

Kammalawa

Ana roƙon shugabannin kasuwa, da ƙungiyoyin masu walda da masu niƙa da masu gidajen ƙanƙara, da masu unguwanni, da limamai da fastoci, su isar da wannan saƙo ga jama'arsu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kowane mai sana'a ya sa a auna wayoyinsa sau ɗaya a shekara, ya riƙa danna maɓallin gwajin birekarsa aƙalla sau ɗaya cikin wata shida, ya kuma ɗauki ƙaramin tsikari a matsayin gargaɗi. Shagunan kasuwa bango ɗaya suke, rufi ɗaya, sakacin mutum guda yana iya cinye dukiyar layi guda. Kuɗin awo kaɗan ne idan aka kwatanta shi da kayan shago, rai kuwa ba shi da kasuwa. Rigakafi ya fi magani.